Ba Gilashi Ne Ya Hana Mu Zuwa Sifawa Ba



Yau faɗa muka zo yi, kuma da 'yan gida. Wata uku ke nan da 'yan ƙungiyarmu suka yi karo-karo aka sayo kyamara sabuwa fil, Sony marar madubi, da niyyar mu daina kwaso hotunan mutane a intanet muna liƙa wa bangon littattafanmu. A wata ukun nan ta fi daɗewa a jaka a kan a hannu. Da ka tambayi dalili sai a ce maka gilashin da ta zo da shi na yara ne, a jira a tara kuɗin babba tukuna. Ana ta jira, ana ta taro, ana ta tura hotunan gilasai masu tsada a waya ana cewa "Allah ya ba mu".

Gida biyu aka rabu. Akwai 'yan sabo, su a wurinsu duk abin da bai zo cikin kwali da leda ba bola ne. Akwai 'yan tsoho, waɗanda suka kwana biyu a YouTube suka dawo suna gaya mana wai tsohon gilashin Rasha yana da ruhi, wai da tsohuwar zuma ake magani. Duk muna da magana da su, amma 'yan sabo za su fi shan ta, domin a hannunsu asusu yake.

Kafin mu shiga batun ƙarfe da gilashi, mu tuna abin da ya sa aka sayi kyamarar. Ku duba bangon labaran da muke saki a WhatsApp da Wattpad. Labari ya faru a Danchadi, jarumar 'yar masaƙi ce, amma a bango ga wata 'yar Indiya ko Balarabiya da ba ta san da zamanmu a duniya ba. Yanzu ma an samu sabon sauƙi, a sa na'ura ta ƙirƙiro fuska, ta fito mana da yarinya mai yatsa shida a gaban wani gida da ba a taɓa gina irinsa a ƙasar Hausa ba. Sannan ku rubuta "Shagari" a wurin neman hoto ku gani. Marigayi Alhaji Shehu Shagari za ku yi ta gani da doguwar hularsa, kuma ya cancanta: malamin makaranta ne da ya tsara Waƙar Nijeriya tun 1948, ya shugabanci ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983, ya rasu ranar 28 ga Disamba, 2018, aka kai shi garinsu aka rufe. To amma garin fa? Ina kasuwarsa, ina masuntan dam, ina Kajiji, ina Horo Birni? Haka Bodinga. Sifawa na cikin wannan ƙaramar hukuma, garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 har 1815 kafin ya koma Sakkwato, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana nan kusa da shi a Bodinga. Daga Sakkwato ba ta kai tafiyar awa ɗaya a mota ba. Marubuta nawa ne a cikinmu suke da hoto goma na Sifawa da suka ɗauka da hannunsu?

Da jira ya ishe mu, mu huɗu muka ari kyamarar muka tafi Bodinga wurin wani dattijo mai hoto da wayar hannu ta kashe wa kasuwa. Yanzu cajin waya yake yi a shagon da a da amare ke layi. Ya buɗe wata adaka ya ciro Zenit, kyamarar Tarayyar Sobiyet, da gilashinta a jiki, Helios 44-2. Muka ce, "Baba, sayar mana za ka yi?" Ya ce, "Ɗiyana, wanga gilashi da kuka gani, da shi munka ɗauki auren rabin garin ga. Ba na saida shi. Ku tai da shi, in kun ƙare ku maido." Sai ɗayanmu ya tambaye shi ina dodon hotunan da ya ɗauka duk shekarun nan. Ya ce gara ta ci ambulan, wata damina ruwa ya shiga ɗakin, sai aka kwashe aka zubar. Ya faɗe ta ba tare da ya ɗago kai daga wayar da yake jonawa ba. Mu ne muka yi shiru. Fuskokin mutanen gari guda na shekara da shekaru, da shigarsu, da kitsonsu, da kekunansu, sun tafi juji, mu kuma muna birni muna gardamar gilashin da ba mu da kuɗinsa.

'Yan sabo sun ce tsohon gilashi ba zai hau sabuwar kyamara ba, in ma ya hau zai lalata ta. Mu da muka yi difloma a Poli ba mu da uzurin tsoron lissafin da bai wuce ɗebewa ba. Kowane gilashi an ƙera shi ne ya zauna a wata tazara daga inda hoto ke sauka, fim a da, sensa a yau. Helios irin na murɗawa ne da ake kira M42, tazararsa milimita 45.46. Kyamarar Sony marar madubi tazararta milimita 18 ce, saboda babu madubi a ciki da zai ci wuri. Abin da ya rage kusan milimita 27 da rabi. Adafta kuwa ba komai ba ce illa zoben ƙarfe mai wannan kaurin, rami ne a tsakiyarta, babu gilashi babu wuta. To me za ta lalata? Wannan ne ya sa tun da Sony ta fitar da a7 a 2013, Canon da Nikon suka bi sahu da nasu manyan marasa madubi a 2018, tsofaffin gilasai suka fito daga adaka a duk duniya.

Amma a kula, lissafin nan yana cizo ta ɗaya gefen. Wani ɗan'uwanmu mai tsohuwar Nikon mai madubi ya ji ana yabon Helios, ya yi odarsa. Tazarar Nikon milimita 46.5 ce, ta fi ta gilashin tsawo, don haka ko an ɗaura abin nesa ba zai fito ba sai da adafta mai gilashi a ciki, ita kuma tana rage kyan hoto. Haka tsohon gilashin Canon FD, mai milimita 42, ba ya zama daidai a kan Canon mai madubi ta zamani, mai 44, tun da kamfanin ya sauya baki a 1987. Kafin a sayi komai a fara sanin bakin kyamarar da ke hannu.

A Sifawa muka ga amfanin aron. Wani malami ya yarda mu ɗauke shi yana rubutu a zaurensa, tawada da alƙalamin kara, haske kuwa ta ƙofa kaɗai yake shigowa. Gilashin da kyamararmu ta zo da shi, 16-50mm, in an ja shi ƙarshe bakinsa ba ya buɗewa fiye da f/5.6. Helios yana buɗewa har f/2. Lambobin nan a juye suke, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, kuma daga 5.6 zuwa 2 mataki uku ne, kowane mataki ninki biyu, wato haske ninki takwas. A aikace, inda sabon gilashin ya buƙaci ɗaya bisa 15 na daƙiƙa, hannun malam ya fito kamar hayaƙi, tsohon ya ɗauka a ɗaya bisa 125, har jijiyar bayan hannu da ɗigon tawada a bakin alƙalami. Wannan gilashi ba na alfarma ba ne ma. Kwaikwayon Biotar na kamfanin Carl Zeiss na Jamus ne, masana'antun Sobiyet sun ƙera miliyoyinsa, shi ya sa har yau yake da araha. Rabin rayuwar da muke rubutawa a cikin zaure da ɗaki da rumfa take, inda haske ke da rowa. Gilashi mai faɗin baki shi ne buƙatarmu ta farko, kuma hanya mafi sauƙin kuɗi ta samunsa ita ce tsohon 50mm ko 58mm.

To 'yan tsoho, kada ku fara tafi. Kashegari muka wuce Shagari, a bakin dam gilashin Baba ya ba mu kunya. Rana na gabanmu, ruwa na walƙiya, masunta cikin kwalekwale, hoton ya fito fari fat kamar an shafa masa koko. Shafen da ake yi wa gilashi don hana haske yawo a ciki bai kai na yau ba a wancan zamani. Sai a farkon shekarun 1970, lokacin da irin su Pentax suka fara shafe mai hawa-hawa, abin ya gyaru sosai. Ranar Sakkwato kuwa ba ta wasa, balle ta haɗu da farar shadda. Muka juya kan yaran da ke tsere a bakin ruwa. Da hannu ake saita tsohon gilashi, kafin ka murɗa yaro ya wuce. Cikin hoto fiye da talatin, uku ne suka fito. Da muka mayar da sabon gilashin da ake raina wa, mai saita kansa, sai ga yara garau, ga launin ruwa ya dawo. Wanda zai je suna ko hawan salla ko kokawa da gilashin hannu kaɗai, ya shirya ba masu biki haƙuri.

Akwai kuma abin da masu YouTube ba sa gaya wa mai ƙaramar kyamara. Sensar tamu ta fi fim ƙanƙanta, don haka ana ninka lambar gilashi da ɗaya da rabi. 58mm ya koma kamar 87mm. A cikin ɗaki mai faɗin tabarma biyu, kai da kafaɗa kawai za ka samu, ka ja da baya har ka dungure da bango. In masallaci kake so ya shigo gaba ɗaya, ko layin 'yan albasa a kasuwa, 16mm ɗin nan na gilashin "yara" shi zai fisshe ka, kuma a gilasai masu faɗin gani na zamani sun yi wa na da fintinkau. Duk wanda ya ce a sayar da gilashin da kyamara ta zo da shi don a cika kuɗin wani, a karɓe jakar daga hannunsa.

Shi kuwa "ruhin" da ake ta yabo, wato bayan hoto ya narke yana juyawa kamar guguwa, naƙasar ƙira ce da ta zama ado. Tana da kyau a hoton amarya. Amma mu me muka je yi Shagari? In ka ɗauki mai saƙar taru ka narkar da duk abin da ke bayansa, babu dam, babu kwalekwale, babu gawo, babu ginin ƙasa, ka dawo da fuskar da za a iya cewa a Bamako ne ko a Kano. Ka goge garin da ka ƙona mai don ka gani. Irin cutar da ke damun labaranmu ke nan, jarumi da jaruma suna ta soyayya a wani wuri marar suna marar kasuwa marar ƙura. Mun koyi rufe bakin gilashin zuwa f/5.6 ko f/8 in muna waje, gari ya shigo tare da mai shi.

Mu dawo kan masu asusu. Abin da suke tara wa kuɗi shi ne dogon farin nan, 70-200mm f/2.8, mai nauyin kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Gilashi ne na gaske, ba mu musa ba, masu ɗaukar ƙwallo da manyan bukukuwa da shi suke cin abinci. Amma da dala ake sa masa farashi. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500. Karo-karonmu na tafiya a ƙasa, farashin na kan babur. Yaushe za a cim masa?

Ko da kyauta aka ba mu shi, hujjar da aka kawo ce ta fi ba mu haushi. Wai da shi za a tsaya daga nesa a ɗauki mutane ba su sani ba, hoton ya fi fitowa a sake. A taƙaice a saci fuskokin mutane. Muna kukan a daina satar hoton 'yar Indiya, sai mu koma satar na 'yar Lambara? A garuruwan nan akwai dattijan da ba sa son hoto don dalilin addini, akwai matan da ba sa fita, akwai uban da in ya ga 'yarsa a bangon littafin soyayya ba tare da saninsa ba, ƙungiyar gaba ɗaya za ta kwana a gaban alƙali, kuma shi ke da gaskiya. Ga halin tsaron da jiharmu ke ciki: baƙo ya laɓe bayan bishiya yana auna mutane da wani dogon abu daga kafaɗa, ku da kanku ku ƙarasa labarin. Gajeren gilashi ba ya ba ka wannan damar. Dole ka matso taku huɗu ko biyar, kuma ba a matsowa haka sai da sallama. Ka gaida mai gari, ka faɗi ko kai ɗan wane ne, ka faɗi abin da za a yi da hoton, a ce maka e ko a'a. Kafin ka gama murɗa saiti, mutumin ya ba ka labarin da ya fi hoton. A zauren malamin Sifawa mun ɗauki hoto bai fi goma ba, amma mun cika shafi shida na littafin rubutu. Cikin gida kuwa 'yar'uwarmu ce ta shiga da kyamarar, mu muka zauna a waje muna cin gyaɗa, kuma hotunanta na wata tsohuwa mai kaɗin auduga sun fi namu duka.

A Afrilun 2022 sunan Shagari ya shiga labaran duniya, lokacin da kwalekwale ya kife da mutanen Gidan Magana, mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara da matasa da suka fita neman itace, Allah ya jiƙansu. Ranar mutuwa kowa ya zo da kyamararsa. Yadda ake rayuwa a bakin ruwan nan sauran kwanakin shekara, wa ke tuƙi, mutum nawa ake lodawa, me ya sa sai an haye ruwa kafin a samu itacen girki, wannan aikin wanda zai je ya zauna ne, ya koma, ya sake komawa. Kuɗin mota yake buƙata da haƙuri.

Kuma waɗanda suka yi irin wannan aikin har duniya ta san su ba su jira kayan alfarma ba. Seydou Keïta na Bamako da ƙaramar Kodak Brownie da kawunsa ya ba shi a 1935 ya fara. J.D. 'Okhai Ojeikere ɗan Nijeriya shi ma da Brownie ya fara a 1950, daga 1968 ya duƙufa kan abu ɗaya, kitson matan ƙasar nan, har ya tara hoto kusan dubu. Malick Sidibé ya yi ta bin matasan Bamako wuraren rawa da bakin kogi, a 2007 aka ba shi babbar lambar girmamawa ta baje kolin fasaha na Venis. Babanmu na Bodinga ajinsu ɗaya a sana'a. Su an adana dodon hotunansu, nasa gara ta ci.

Ga wanda zai sayi tsoho, kada ya saya a hoto. Wata 'yar ƙungiyarmu ta tura kuɗi ga wani mai talla a intanet, aka aiko mata da gilashin da cikinsa ya yi saƙar gizo, wato fumfuna, wadda laima ke haifarwa, kuma in ta ci shafen ba ta da magani. Ka riƙe shi a hannunka, ka buɗe bakinsa duka, ka haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce, ba ta fitowa a hoto. Saƙar gizo da hazo su ne abin gudu. Ka murɗa zoben baki ka ga ganyayyakin ƙarfen suna rufewa da buɗewa ba maiƙo a jikinsu. Ka murɗa zoben saiti daga farko zuwa ƙarshe, kada ya cije. Sannan ka ɗaura a kan kyamararka ka ɗauki hasumiyar masallaci mafi nisa da idonka ke gani. In ba ta fito ba, ko gilashin ko adaftar akwai matsala. In ka ci karo da Super-Takumar 50mm f/1.4 ka ga gilashinsa ya yi rawaya, ba datti ba ne, sinadarin toriyam ne da aka sa a wasunsu yake sauya launi da tsufa, kuma gilashi ne mai kyau. Busasshiyar iskarmu alheri ce ga gilashi, fumfuna ba ta son ta. Abokan gabarmu ƙura da zafi ne. Kyamara marar madubi da zarar an cire gilashi sensarta a fili take, don haka a lokacin hunturu ba a canjawa a waje, a shiga ɗaki, a kifa bakinta ƙasa. A bazara kuwa, da zafi ke haura digiri 40, kada a bar jaka cikin mota ko a kan tankin babur, man da ke cikin tsohon gilashi narkewa yake ya gangaro kan ganyayyaki.

Abin da za mu gabatar a taro mai zuwa, don kada a ce mun yi shi a bayan ido: a bar gilashin kyamara inda yake, a sayi adafta ɗaya da tsohon 50mm ɗaya da aka duba a hannu. In an fi son mai saita kansa, akwai sabon 50mm f/1.8 da bai kama ƙafar kuɗin dogon farin ba, ba za mu yi gardama ba. Sauran kuɗin a raba uku: kuɗin mota zuwa Bodinga da Shagari sau biyu a wata, kuɗin wanke hoto a mayar wa duk wanda aka ɗauka nasa, da ma'ajiya biyu da za a ajiye a gida biyu daban. A kuma buga takardar izini da Hausa, da boko da ajami, wadda za a karanta wa mutum kafin fuskarsa ta hau bangon littafin kowa. Ma'aji, mun san za ka ce ba a shawarce ka ba; ga shi an shawarce ka a gaban jama'a.

Gilashin Baba mun mayar ranar Juma'a, tare da hotonsa da muka wanke, yana zaune a cikin wayoyin cajinsa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce saitin ya faɗa kan kunnensa maimakon ido, mu koma mu sake. Ya kuma ce akwai wani abokin sana'arsa a Yabo da har yanzu bai zubar da nasa dodon ba, amma ba shi da lafiya, in za mu je kada mu wuce watan nan.